Lambobin Aro Goma Sha Bakwai

Ranar Litinin da hantsi, a ƙofar siton ƙungiyar manoman citta da ke bayan tashar jirgin ƙasa a Kafanchan, wata gwauruwa mai suna Faustina ta zauna daɓas a ƙasa ta ce ba mai ɗaga ta sai an ba ta buhunta biyu. Mai kula da siton, Ƙasimu, ya juyo mata da kwamfuta don ta gani da idonta. Ga sunanta, ga lambar wayarta, an biya, an ɗauka tun kwana goma sha biyu da suka wuce.

"Wane ne ya ɗauka?" in ji ta. "Ni ban zo nan ba. Kuɗi na yana nan a bakin zani na."

Kafin azahar mata goma sha bakwai sun ji magana iri ɗaya. Buhu talatin da huɗu ke nan na irin citta mai lafiya, wanda ƙungiya ta sha wahala kafin ta samo bayan cutar da ta ruɓar da gonaki bara, ta yanka wa kowane mamba buhu biyu kacal. Ga ruwan shuka ya sauka. Wadda ta rasa iri a wannan makon, shekararta ta tafi.

Da Insifekta Roseline Andrawus ta iso, taron ya riga ya yanke hukunci, kuma abin takaici, ita ma ba ta ɓata lokaci ba wajen bin su. Matan duk 'yan ƙauyensu ne, wasu ma sun goya ta tana jaririya. Suna ta kiran "'Yar Malam ta zo, 'yar Malam ta zo," ita kuwa kanta ya ɗan kumbura. Makullin sito na hannun Ƙasimu, jerin sunaye na hannunsa. A gaban 'yan kasuwar da suka san kakansa ta sa Kofur Nuru ya buga masa ankwa.

A ofis ta zaunar da shi.

"Yaya ake biya?"

"Ta waya, ranki ya daɗe. Kowane mamba da manhajar ƙungiya a wayarsa. Ya sa katinsa na banki, ya biya, a turo masa lambar rasit."

"Kai kuma?"

"Wanda ya kawo lamba, na ba shi buhu biyu."

"Ko ba mai sunan ba ne?"

"Tsofaffi ne akasari. Ɗan acaɓa suke aikowa, ko mai akori-kura. Haka shugabanni suka ce a yi."

"Mutum ɗaya zai iya biya sau biyu?"

"Ba ya yiwuwa. In kati ya biya sau ɗaya, na'ura ba ta sake karɓarsa."

Ya nuna mata takardar da aka buga. Biya goma sha bakwai, daga wayoyi goma sha bakwai, da lambobin kati goma sha bakwai, ba wadda ta yi kama da wata.

"To ka tara katunan abokanka ke nan," in ji Roseline.

"Da me zan biya ta wayar Mama Faustina? Ban taɓa riƙe ta ba."

Tambayar tana da nauyi, kuma Roseline ta ji nauyin. Amma wanda ya kama mutum a gaban kasuwa ba ya son jin tambaya mai nauyi. Ta ce a mayar da shi ciki, ranar Juma'a zai yi wa alƙali bayani.

Washegari ta kira matan ɗaya bayan ɗaya. Ba wadda wayarta ta taɓa ɓata. Ba wadda ta ga saƙon rasit. Tara daga cikinsu ma ba su da katin banki, niyyarsu su roƙi 'ya'yansu su biya musu. Ta nemo 'yan acaɓa biyu da suka tuna sun ɗauki buhuna, suka ce mai akori-kura ne ya ba su lambobin a takarda, suka sauke masa a mararraba, bai kuma faɗi sunansa ba. Ta bincika wayar Ƙasimu da gidansa, ba ta samu ko ɓawon citta ba. Matarsa ta tsaya a tsakar gida tana kallonta, kuma da zagi ta yi da ya fi wa Roseline sauƙi.

Ranar Laraba ta karɓi takardar kotu ta nufi bankin da ke karɓar wa ƙungiyar kuɗi. Jami'ar da ke kula da harkar katuna, Bernice, ta dubi takardar lambobin ta yi murmushi.

"Madam, waɗannan ba lambobin kati ba ne. Lambobin aro ne."

"Yi mini bayani kamar ban je makaranta ba."

"In kin sa katinki a waya, banki ba ya barin ainihin lambar ta zauna a ciki, saboda ɓarayi. Sai ya ara wa wayar wata lamba, ita kaɗai. Ki sa katin nan a wata waya, a ara mata wata daban. Waya goma, lamba goma, kati ɗaya."

"Ita kuma na'urar ƙungiya lambar aron take dubawa."

"Shi ne kuskurensu. Ta ga baƙuwar lamba, ta ɗauka sabon mutum ne. Amma akwai wata doguwar lamba da ke bin kowane biya a ɓoye, muna ce mata lambar tushe. Ba a sayen komai da ita, aikinta kawai ta nuna asusun da aka fito. Kamar awakin gida ɗaya ne, ko sun watsu a daji, tsagar kunnensu ɗaya."

Bernice ta yi 'yan danne-danne, ta juyo da allon. Layi goma sha bakwai, kuma a ƙarshen kowane layi lamba guda ce take maimaita kanta.

"Asusu ɗaya," in ji Roseline, har da ɗan jin daɗi. "Na wa?"

Bernice ta danna. Sai murmushin ya bar fuskarta. Ta dubi allon, ta dubi sunan da ke manne a ƙirjin rigar Roseline, ta sake duban allon.

"Madam... ko dai suna ne ya zo ɗaya?"

Ba suna ne ya zo ɗaya ba. Roseline Andrawus, da ranar haihuwarta, da hotonta na shekara shida da suka wuce. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, ta rasa inda za ta sa idonta a ɗan ofishin nan. Ta san asusun sarai. Ita ta buɗe shi da sunanta lokacin da takardun mahaifinta suka ƙi daidaita a banki, ta miƙa masa katin da lambar sirri da tsohon layinta na waya, don ya riƙa cirar abin cefane da magani. Haka kowa ke yi wa iyayensa. Tun daga ranar ba ta sake leƙa asusun ba.

"Kafin a sa kati a sabuwar waya," ta tambaya da wata murya da ba tata ba, "ana turo lambar tabbatarwa?"

"Kowane lokaci. Zuwa layin da ke kan asusun."

"Buga mini ranaku da lokuta."

Duk ranar Talata ne, Talata biyu a jere, tsakanin ƙarfe goma da sha biyu na safe.

Mutum biyu ne ke kwana a gidan da katin yake, mahaifinta da ƙanenta Asher. Allah ya sani, a hanya Roseline ta yi fatan Asher ne, ta kuma ji kunyar fatan. Ta tsaya a tashar mota. Asher direba ne a hanyar Kagarko, kuma littafin 'yan kamasho ya nuna ya yi lodi tun ƙarfe shida a Talatun biyu, bai dawo ba sai la'asar. Ta gode musu ta fito.

A bakin ƙauye ta tarar da Faustina tana tsinke ganyen rama.

"Mama, ranar Talata da safe ina kuke zuwa?"

"Zumuntan Mata a coci mana. Kin manta ne?"

"Da wayoyinku?"

"A'a. Muna bar shi a gidan Baban ki ya sha caji. Shi ne mai sola. In mun tashi sujada mu ɗauka."

"Ya san yadda ake buɗe taki?"

"Ai shi ya sa mini lamban. Dukan mu shi ya sa mana. Mutumin Allah, ko naira ba ya karɓa." Ta ɗaga kai. "Wancan yaro ya faɗi inda ya kai iri na?"

Roseline ta ce ana kan bincike, ta wuce da sauri.

Ba ta shiga gida ba, ta zagaya ta gonar mahaifinta da ke bayan rafi. Buhu biyu ba ya rufe ko kwatar wannan fili. Ga shi an shuke shi kaf, an lulluɓe da ciyawa daga wannan kunya zuwa waccan, aiki tsaf irin na mutumin da ya san citta.

Malam Andrawus yana zaune a inuwar mangwaro da Littafi Mai Tsarki a cinyarsa. Shekara talatin ya koyar da lissafi, dattijo ne a ikilisiya, kuma kafin cutar bara ba wanda ke fitar da citta kamarsa a yankin. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba. Sannan ta ajiye takardar a kan benci.

"Baba, buhu nawa ka shuka a bayan rafi?"

Ya cire tabarau. "Da kaki kika zo ko da zani?"

"Da kaki."

"To yi aikinki."

"Ranar Talata mata sun bar wayoyinsu a nan. Ka buɗe, ka sa katina a manhajar ƙungiya. Lambar tabbatarwa ta shigo wayarka. Ka biya da sunan mai wayar, ka kwafe wa mai akori-kura lambar rasit a takarda, ka goge saƙon, ka cire katin. Tara a Talatar farko, takwas a ta biyu. Ka zaɓi waɗanda ka san ba za su je sito da wuri ba."

"Na gwada da wayata da ta Asher tukuna," ya ce a hankali. "Na ga lambar ƙarshe ta bambanta. Na ce ashe na'urar ba ta da wayo."

"Akwai wata lambar a ƙasa. Ita ba ta canzawa."

Ya gyaɗa kai kamar ɗalibi ya nuna masa inda ya yi kuskure a allo.

"Me ya sa, Baba?"

"Buhu biyu, Roseline. Ni. Mutanen da na koya wa shuka su wuce su ga Malam Andrawus da ɗan fili kamar tabarma." Ya rufe Littafin. "Na sayar da awakina na biya, ban ci kuɗin kowa ba. Na ce in an yi girbi zan ba kowace buhu huɗu, in ce kyauta ce."

"Su yi maka godiya a kan abinsu."

Ya kawar da kai wajen gona. Ta ci gaba.

"Akwai mutum a kulle tun Litinin. Ka ji labari?"

"Na ji."

"Ka yi shiru."

"Na yi addu'a a sake shi."

"Ni na kama shi, Baba. A gaban kasuwa. Suna kirana 'yar Malam."

A nan ne tsohon ya rufe fuskarsa da hannu biyu. Roseline ba ta taɓa ganin haka ba, ko ranar da aka binne mahaifiyarta. Ta san abin da za ta iya yi. Takardar a hannunta take, Bernice kaɗai ta gani, kuma ana iya sakin Ƙasimu a ce babu hujja, ya ƙare rayuwarsa ana nuna shi da baki a kasuwa. Ta yi tunanin nan har ƙarshensa, ba ta ɓoye wa kanta ba. Sannan ta miƙe.

"Ka sa takalmi."

"A motar 'yan sanda?"

"A'a. Za mu hau ta haya."

Da la'asar suka isa ofishin 'yan sanda. Ta shiga wurin DPO ta ajiye takardar, ta yi bayani tun daga farko, ta ce a ba wani binciken tunda asusun nata ne kuma wanda ake zargi ubanta ne. Ta roƙi abu ɗaya, a je kasuwa gobe da safe a wanke Ƙasimu a wurin da aka kama shi, kuma ita za ta yi maganar da bakinta. Gonar bayan rafi kuwa, ta ce ƙungiya ta raba wa matan kunya-kunya.

Sai ta fito ta zauna a dogon bencin da ake zaunar da masu ba da jawabi, kusa da mahaifinta.

Aka buɗe ƙofar ciki. Ƙasimu ya fito riƙe da hularsa da igiyar wandonsa, ido ya faɗa. Nuru ya riga ya gaya masa komai. Ya zo daidai bencin ya tsaya. Roseline ta ɗago ta dube shi.

Ba ita ya duba ba. Ya rusuna a gaban tsohon.

"Malam, ina wuni. Ba ka gane ni ba. Ka koyar da ni a aji huɗu."

Malam Andrawus ya kasa ɗaga kai. Ƙasimu ya ɗan jira, ya sa hularsa, ya fita.

Nuru ya jawo fom biyu, ya yi gyaran murya, ya rasa wanda zai fara da shi.

"Fara da ni," in ji Roseline. "Katin nawa ne."