Ɓarawon Matattun Fayafayai

Da hantsi aka kira Sufeto: an fasa akwatin ajiyar bayanai na wani asibiti, an zare fayafayai, hotunan marasa lafiya duk sun ɓace. Injiniyan da ke kula da ɗakin akwatin ƙanin matarsa ne, kuma shi ya tsaya masa aka ɗauke shi aiki.

Ɗakin sanyi ƙarara. Akwatin ya kai firji tsayi, hatimin ƙofarsa a yage.

"Yaya, irin wannan a rufe yake zuwa, ba a buɗe shi," in ji Injiniya. "Faifai ya mutu, na ajiya ya karɓi aikinsa. Da kansa yake gyara kansa."

"A nan Sufeto nake. Wa ke da makulli?"

"Ni... da mai shara."

Sufeto bai ja magana ba, ya sa Kofur ya tisa ƙeyar mai sharar, wata dattijuwa, zuwa mota, ma'aikata na kallo.

"Ranka ya daɗe, ni da ko waya sai an danna min?" ta ce tana share hawaye. "Goge shi kawai nake. Da can akwai wata jar fitila mai ƙyaftawa a goshinsa, sai na daina ganinta."

Sufeto ya koma ya shafa goshin akwatin. Danƙon salatif ya kama masa yatsa.

Bayan azahar ma'aikaciyar kamfanin da ya sayar da akwatin ta gama dubawa.

"Ɓarawonku akwai abin dariya, Yallaɓai. Duk abin da ya kwasa matattu ne. Na ajiya sun ƙare tun bara, akwatin ya yi ta neman agaji, ba wanda ya kira mu."

"Ana gane matacce da ido?"

"Ina! Sai mai shiga na'urar."

Sufeto ya juya. Injiniya ya zame ya zauna a ƙasa.

"Ni na matsa aka saye shi, Yaya. Na cika baki cewa ba ya lalacewa. Da fitilar ta kama na kasa faɗa, na liƙe ta. Da faifan ƙarshe ya mutu komai ya tafi, sai na ga gara a ce sata ce. Fayafayan suna but ɗin motata."

"Sai ka laƙa wa tsohuwa? Ka san an fasa yi wa wata mata tiyata yau?"

Kofur ya sa wa Injiniya ankwa, ya fita da shi.

Sufeto da kansa ya buɗe wa dattijuwar mota, ya cire hula.

"Baba, ki yafe min."

"Ba komai, ɗana," ta ce, ta wuce ta ɗauki tsintsiyarta.

Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Wayarsa ta yi ƙara, matarsa ce. Ya tsaya yana kallon wayar har ta katse.