Jarkokin Mama

"Kiɗa ba aiki ba ne, Tiyumba. Na gama magana!"

Abin da Baba Neindoo, shugaban makarantar firamaren unguwarsu a Tamale, ya faɗa wa 'yarsa ke nan ranar da ya mayar da goron da dangin Wumbei suka kawo na neman aurenta.

"Baba, ai malami ne kamarka, da takardarsa..."

"Malamin da gwamnati ta manta da shi? Yaushe rabon da a ɗauki malamin kiɗa? Gangunan makarantata ma ɓeraye sun cinye fatunsu, an ce babu kuɗin gyara. Da amo zai ciyar da ke?"

Ta sha kuka har ta gode Allah. Tana son Wumbei kamar ranta, amma tsallake maganar Baba ba halinta ba ne.

To, Baba dai aure ya hana, bai hana aron jarkokin da Mama take zuba man gyaɗa ba. Kullum da yamma sai ta sulale da wofintattu zuwa gindin mangwaron da Wumbei yake koya wa yaran makarantar Baba kiɗa kyauta.

"Rabin raina, idan Mama ta gane fa?"

"Kai dai buga, malam marar aji."

Ranar faretin 'yancin kai, makarantar Baba, wadda ta saba wucewa shiru kamar masu rakiyar gawa, sai ga ta tafe da kiɗan jarka mai tsuma jiki! Fili ya ɗauki sowa, mata na ta guɗa. Tiyumba kuwa, daɗi da tsoro sun haɗe mata.

Ta saci kallon Baba. Yana tsaye, hula a hannu, kafaɗarsa na rawa ba da saninsa ba.

Mama ta ƙura ido. "Kai... waɗancan ba jarkokina ba ne?"

Da aka watse Baba ya sa aka kira Wumbei. Ya zo ya durƙusa, gumi sharkaf.

"Gwamnati ta ɗauke ka?"

"Har yanzu shiru, Baba."

"To laifinta ne, ba naka ba. Ni dai na ɗauke ka. Ka ce wa manyanka su dawo da goron nan ranar Juma'a."

Tiyumba ta rufe fuska da mayafi, hawayen murna na zuba.

Mama ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Su haɗo min da jarkokina."