Wankan Gidan Zuhura

Zuhura tana zaune kan tabarma a gidan da suke haya a Talata Mafara, tana guge kakin mijinta, tsohon ciki ya hana ta sunkuyawa sosai. Mijin nata, Kofur Mas'udu, ya fito daga ɗaki da jaka a kafaɗa.

"Kawo nan, ke da aka ce ki huta."

"Bari dai, Oga. In ka fita da kaki a yamutse, ni za a zaga, ba kai ba."

An tura su Janbako ne, cikin ƙasar Maradun, su tsare hanyar kasuwa. Ita kuma a ranar mahaifiyarta, Inna Kyauta, za ta tafi da ita Bakura goyon ciki, tunda haihuwar fari ce. Auren so suka yi, kuma Zuhura ta riga ta saba da zaman matar soja: yau miji na gida, gobe sai muryarsa a waya.

Da ruwan farko ya sauka ta haifi 'ya mace. Mas'udu ya nemi fas, wato izinin zuwa gida, ba a ba shi ba. Ya aiko da rago da turamen atamfa, ya saurari kukan jaririya ta waya, layi na yankewa. Aka raɗa mata suna Hidaya.

Bayan suna ne magana ta taso. Yayanta Falalu, wanda ke fataucin shanu tare da mahaifinsu Alhaji Barau, ya dawo daga kasuwar Damri ransa a ɓace.

"Baba, yau wani ya nuna ni da baki, yac ce ga surukin soja. Ka san masu kai wa mutanen daji labari sun cika kasuwa. Ranar da sunka tare mu a hanya, mi za mu ce musu?"

Maganar ta zauna wa Alhaji a rai.

Da aka yi arba'in Mas'udu ya samu fas, ya zo ɗaukar iyalinsa. Ya durƙusa a zaure, aka gaisa, aka tambayi aiki da gajiya da mutanen gida. Zuhura na bayan ƙyaure da goyo tana ji.

"Mas'udu, ban da abin zargi gare ka," in ji Alhaji. "Amma tsoro nike ji. Ko ka tuɓe kakin ga ka shigo harkar shanu da Falalu, ko ka bar mini ɗiyata nan."

"Baba, da Alƙur'ani na rantse ranar da na shiga aikin ga. In na gudu, da wane ido zan dube ka? Ba ni ja da kai. Tana hannunka har ka huce, amma sakinta kam ba ni iyawa."

Ya karɓi 'yarsa, ya yi mata addu'a, ya koma bakin aiki. Zuhura ta shige ɗaki ta yi kuka har idanunta suka kumbura.

Damina ta yi nisa tana gida. Hidaya ta fara dariya, wuyanta ya tsaya, duk a hoto uban ya gani. Wata rana ƙawarta Zainabu ta zo, ta ja ta gefe.

"Ke wai mi kike jira? Mafara ga ta nan kusa. Ɗauki jakarki ki hau mota, ai ba a kan ki farau ba."

"In na fita ba da yardar Baba ba, da wace albarka zan shiga ɗakin miji? Shi ma Oga ya ce kada in kuskura."

Haka ta ci gaba da dama wa mahaifinta fura, tana kai masa ruwan alwala, ba ta taɓa ɗaure masa fuska ba.

Da kaka ta yi, aka sa su Mas'udu rakiyar manoma zuwa gonakin da aka daɗe ba a shiga ba. A wajen Dosara aka yi musu kwanton ɓauna, harsashi ya same shi a cinya, aka wuce da shi asibiti a Gusau. Zuhura ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ka bar ni in je in yi jinyarsa. Ko yini guda."

"Ba inda za ki."

Ta ce to, ta tashi. Kowace ranar kasuwa sai ta yi dambun nama da fura ta ba direba ya kai masa.

Ana cikin haka Gwaggo Hasana, yayar Alhaji da ke aure a Dosara, ta iso da buhun sabon gero. Ta ga yadda Zuhura ta rame, ta tambayi Inna Kyauta, aka faɗa mata komai. Ta bari sai da ƙanenta ya sha furar geron ya yi hamdala.

"Barau, ta yi daɗi?"

"Ƙwarai kuwa, Yaya."

"To geron ga, da ba don yaron da ka hana wa mata ba, da yana can daji tsuntsu na ci. Ina cikin gona ranar da anka harbe shi. Bai bar wurin ba sai da ya ga mun shige gari. Kana tsoron a ce maka surukin soja? Mu da ba mu haɗa komai da soja ba, an bar mu ne?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. Falalu ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu, ya rufe.

Washegari Alhaji da kansa ya sa Zuhura da jikarsa a mota zuwa Gusau. Ya tsaya a bakin gadon Mas'udu ya ce, "Ga iyalinka. Ka yafe mini."

"Haba Baba, uba ba ya neman gafarar ɗa."

Hidaya ta ƙi yarda uban ya ɗauke ta, ta yi ta ƙanƙame uwarta. Sai da aka yi kwanaki kafin ta saba da shi.

An sallame shi cikin sanyi, suka koma Mafara. Ƙafar ta warke, amma ɗingishi ya zauna. Kafin azumi aka ƙara masa igiya, ya zama saje, aka bar shi aiki a cikin gari.

Da ƙaramar Sallah ya ɗauke su zuwa madatsar ruwan Bakolori. Suka shimfiɗa tabarma a inuwa, suka ci soyayyen kifi, Hidaya na dafa gwiwar ubanta tana koyon tsayuwa. Falalu ma ya biyo su, shi ya riƙe kular abinci.

"Kin yi haƙuri, Zuhura," in ji Mas'udu.

"Tare munka yi shi, Oga."

Da ta gudu daga gida, da ta samu miji ta rasa uba. Da ya tuɓe kaki, da ya samu mata ya zubar da alkawari. Haƙuri da biyayya ne suka bar musu duka biyun, domin abin da aka jira da yardar iyaye, in ya zo ba ya tafiya.