Wanda Ya Riƙe Mini Tef

Ƙungiyarmu ta kare tsofaffin gine-gine ta yi lacca har uku a kan tsohon gidan waya, duk da haka aka sa ranar rushe shi. Na rantse sai mun auna shi mun zana kafin buldoza ta iso.

Mu tara muka je. Da magariba ta kawo jiki, kowa ya tuna yana da uzuri. Sakatarenmu ya ce, "Malama, gobe ma rana ce."

Na ce, "Gobe ta buldoza ce. Ku gaida gida."

Sai dai awo da tef aikin mutum biyu ne. Ina fama da bakin tef yana zille mini, sai wani dattijo cikin kakin ma'aikata ya fito daga bayan kanta, yana warin tawada da tsohuwar takarda.

"Kawo in riƙe miki, 'yata."

Na ɗauka maigadi ne. Yana ja, ina rubutawa. Ƙura ta lulluɓe daɓen, amma sawuna kaɗai nake gani.

Ya ce, "Ɗakin nan ya fi haka. Daga baya aka yi bangon nan."

Na ɗaga kai. Tef ɗin yana miƙe, ya shige cikin bango, kuma ana ta jansa.

Tsigar jikina ta tashi, amma na gyara riƙon biro.

"Ko ma fatalwa ce kai, ja har ƙarshe, Baba. Ko taƙi ɗaya ba za su rushe ba sai na rubuta."