Farin Turke

Aikin Dogo a tsohon filin atisayen soja shi ne bin ƙasa da na'urar gano ƙarfe. Inda babu bam ya kafa farin turke, inda ake shakka ya kafa ja. Ranar nan oga ya ce manya na tafe gobe, a kafa fari ko'ina. Dogo ya haɗiye takaici ya kafa.

Bayan magariba yana tattara kaya, sai ga wani dattijo da fartanya, yana ratsowa ta inda ba a taɓa dubawa ba. Ciyawa ko motsi ba ta yi.

"Baba, tsaya! Kar ka ƙara taku!"

"Haba ɗana, ba fari kuka kafa ba?" Muryar kamar daga cikin rijiya. "Wancan karon ma fari suka kafa. Har takarda suka ba mu da hatimi, wai mu koma gona. Na koma, ban ƙara komawa gida ba."

Na'urar ta fara kuka. Dogo ya duba ƙasa, ba komai. Ya ɗaga ta zuwa ƙirjin dattijon, nesa da fartanyar, kukan ya tsananta.

"Jibi jikokina za su shigo shuka," in ji dattijon. "Wane turke za su bi?"