Fentin da Ya Yamutse

A gidansu kowa Injiniya yake kiranta. 'Yar aji biyar ce a firamare. Kawunta, mai fentin motoci, shi ya sa mata wannan suna. Shi ne kuma ya fara kawo mata ƙaramar motar roba a kwali.

Irin motocin nan ne da suke zuwa a wargaje. Bodi daban, tayoyi daban, kujeru da sitiyari daban. Sai mutum ya zauna ya yanke kowane ɓangare, ya manna da gam, sannan ya yi fenti. In an gama, motar ba ta fi tafin hannu ba, amma kamar ka buɗe ƙofa ka shiga.

Injiniya ta haɗa guda biyar. Ta jera su a kan wani katako da Abba ya kafa mata a bango. Ba wanda ya isa ya taɓa. Ko Umma in za ta goge ƙura, sai an yi rigima.

Ƙaninta Auta shekararsa bakwai. Mota ɗaya tak gare shi, ja. Da hannunsa ya haɗa ta, wata biyu yana fama. Taya ɗaya ta karkace, gam kuma ya ɓata gilashin gaba. Amma duk inda za shi, tana aljihunsa.

Wata Alhamis, Malama ta ce wa 'yan aji, "Ranar Litinin kowa ya kawo abin da ya yi da hannunsa. Za mu baje su a ɗakin taro, iyaye su zo su gani."

Injiniya ta ce ita ba za ta kai tsohuwa ba. Akwai wata sabuwa a kwali da ba ta buɗe ba. Ita za ta haɗa, ta yi mata shuɗin fenti.

Juma'a da Asabar tana kan tebur. Da la'asar ɗin Asabar ta yi shafin farko. Takardar da ke cikin kwalin ta ce a bar shi ya yi kwana guda kafin a ƙara. Injiniya ta jira rabin awa. Ta taɓa da ɗan yatsa, ta ji saman ya bushe. Sai ta tsoma buroshi ta lafta shafi na biyu. Ta ga bai yi ƙyalli ba, ta ƙara na uku.

Umma ta leƙo. "Ba Kawunki ya ce a riƙa bari ya kwana ba?"

"Umma, ni fa na san aikina," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"To, Allah ya ba da sa'a," in ji Umma.

Da safe Injiniya ta je wajen tebur. Ta tarar an kifa kwalin takalmi a kan motar. Ta ɗaga. Fentin ya yamutse tun daga bonet har baya, kamar fatar yatsan da ya daɗe a ruwa.

Ta fita tsakar gida da kwalin a hannu.

"Wa ya ɗora wannan a kan motata?"

Auta yana zaune a ƙasa yana tura jar motarsa. Ya ɗago da murmushi. "Ni ne, Yaya. Na ga ƙuda yana..."

"Wa ya aike ka?"

"Ba wanda ya aike ni. Don kada ƙura..."

"Ka lalata min mota. Kwana biyu ina wahala. Dama baƙin ciki kake yi, don taka mummuna ce."

"Wallahi ban taɓa ta ba, Yaya."

"Ƙarya kake yi."

Ta fizge jar motar daga hannunsa. Auta ya miƙe yana miƙo hannu. Ba ta tsaya ba. Ta maka ta da ƙasa, ta sa takalmi ta take. Aka ji ƙarar roba. Rufin ya ɓare, gilashin ya fita, tayoyi suka gangara ƙarƙashin kujera.

Auta bai yi kuka nan take ba. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Sai can ya buɗe baki.

Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Ta dubi ƙasa, ta dubi Injiniya. "Me na gani haka? Kina da hankali kuwa?"

"Shi ya fara."

"Rufe min baki. Ko da shi ya fara, haka aka koya miki?"

Abba ma ya fito. Ba mai yawan faɗa ba ne, amma ranar idonsa ya kaɗa. Ya saurari kowa. Sannan ya shiga ɗaki ya kwashe motoci biyar ɗin nan daga kan katako. Ya zuba su a durowarsa, ya murza makulli.

"Abba, motocina ne fa."

"Ita ma wadda kika take, motar wani ce," in ji shi. "Ba za ki kai komai makaranta gobe ba. Ki je hannu rabbana."

Injiniya ta shiga ɗaki ta bugo ƙofa. Ta zauna a bakin gado tana huci. Kowa a gidan nan bayan Auta yake bi. Shi ya yi ɓarna, ita aka hukunta. Ta ƙi fitowa cin abincin rana.

Da yamma Kawu ya zo, da ɗigon fenti a farcensa kamar kullum. Tana jin muryarsa ta fito da shuɗiyar motar. Ta san shi kam zai goyi bayanta.

"Kawu, dubi abin da Auta ya yi min. Kwali ya kifa a kai."

Kawu ya karɓa. Ya juya ta a haske. Ya danna bonet da farce, farcen ya nutse.

"Shafi nawa kika yi?"

"Uku."

"Tsakaninsu awa nawa?"

Ta kau da kai.

"Da ke nake, Injiniya."

"Rabin awa."

Kawu ya ajiye motar a hankali. Fuskarsa ba dariya. "Wannan ba aikin kwali ba ne. Aikin hannunki ne. Saman fenti ya bushe, ƙasansa ɗanye. Kika ɗora wani. Na ƙasa ya nemi hanyar bushewa, ya ja na sama, shi ne ya yamutse. A garejinmu, wanda ya yi haka sai ya kankare mota guda da hannunsa."

"Amma kwalin..."

"Kwalin ni na koya masa. Ni ma haka nake rufe ƙananan kaya, don ƙura da ƙudaje. Yaron nan taimakonki ya yi."

Injiniya ta waiwaya. Auta yana bakin ƙofa, idonsa a kumbure. Ya ji komai.

"Auta," ta ce.

"Kada ki ƙara kiran sunana," in ji shi. "Ni ba ƙaninki ba ne." Ya juya ya tafi.

Ranar Litinin ɗakin taro ya cika. Wani ya kawo jirgin kwali, wata ta kawo jakar da ta saƙa. Wurin Injiniya a kan tebur babu komai sai takardar sunanta.

Malama ta zo ta tsaya. "Ina motar da kika cika mu da labarinta?"

Injiniya ta so ta ce ƙaninta ne ya ɓata. Maganar ta zo har bakinta. Sai ta sunkuyar da kai, ta faɗi yadda aka yi, ba ta rage komai ba.

Malama ta ce, "Kin yi laifi biyu. Kin yi gaggawa, kin kuma hukunta wanda ba ki saurara ba. Wanne ya fi damunki?"

"Na biyun, Malama."

"To shi za ki fara gyarawa."

Da ta koma gida, ko kayan makaranta ba ta cire ba. Ta je kwandon shara ta tsinto gutsattsarin jar motar. Ta kwanta ta leƙa ƙarƙashin kujera. Ta sami taya uku. Ta huɗun ta ɓata.

Kwana huɗu tana aikin. Ta manna rufin, ta riƙe shi da yatsu har gam ya kama. Ta goge tabon da samfefa, takardar nan mai kaushi. Gilashin gaba ya tsage, ba ya gyaruwa. Ta daɗe tana kallon shuɗiyar motarta. Sannan ta ɓalle gilashinta da taya ɗaya, ta sa wa ta Auta.

Duk kwanakin nan Auta bai yi mata magana ba. In ta shigo, sai ya fita. In an zuba musu abinci, sai ya ja kwanonsa can gefe.

Ranar Juma'a ta same shi a bakin ƙofa. Ta durƙusa ta miƙa masa motar.

"Auta, ka yi haƙuri. Ni na ɓata motata. Na yi maka ƙazafi, na fasa taka. Ban kyauta ba."

Ya kalli motar, ya kau da kai. "Ba ita ba ce. Tawa ja ce. Wannan duk ta koɗe."

"Na sani. Ban yi mata fenti ba. Motarka ce, kai za ka yi."

Ya ɗan juyo. "Da buroshinki?"

"Da buroshina."

"Wanda kika ce in na taɓa sai kin karya min hannu?"

Kunya ta kama ta. "Shi ɗin."

Auta ya tsaya yana shan ƙamshi. Can ya miƙa hannu ya karɓa.

Suka zauna a tebur. Auta ya yi shafin farko, harshensa a waje. Jan fenti ya taɓa hancinsa. Da ya gama, ya sake tsoma buroshi.

"Sai gobe," in ji Injiniya.

"Kin tabbata kin san aikinki?" in ji Auta.

Umma da ke wucewa ta tuntsire da dariya. Injiniya ma ta yi.

Washegari suka yi shafi na biyu. Motar ta fito sumul, tana ƙyalli. Abba ya ɗauka ya duba, ya dubi 'ya'yansa biyu. Sai ya zaro makulli ya buɗe durowa.

Injiniya ta mayar da motocinta kan katako. Ta matsar da su gefe, ta bar wuri a tsakiya.

"Taka a nan za ta zauna in kana makaranta," ta ce.

"To, Yaya," in ji Auta.

Tun daga ranar, in ranta ya ɓaci, Injiniya takan sa hannuwanta a baya, ta tambaya tukuna. Ta gane cewa duk wanda ya yi hukunci cikin fushi, yakan cuci wanda bai yi masa laifi ba. Yara, in ranku ya ɓaci, ku dakata, ku saurara, ku fara duba naku kuskuren kafin ku ɗora wa wani.