Baba Ya Ce To

Ranar Talata ce, ƙarfe shida saura na yamma, Likita ta turo ƙofar falo da kafaɗa don hannuwanta duk kaya ne. Ba likitar asibiti ba ce, ilimin haɗa magunguna ta karanta, amma tun da ta fara tsayuwa a kantin maganin surukinta unguwa ta laƙaba mata sunan, ya bi ta har gida. Ta zube a kujera, ta zare takalmi, ta dubi ƙafafunta da suka kumbura har igiyar takalmin ta yi musu zane.

Mijinta na zaune a ƙasa cikin tulin takardun jarrabawa. Danginsa Auta suke ce masa, ita kuwa Malam take kiransa, don lissafi yake koyarwa a sakandare. Ya tashi ya kawo ruwan ɗumi a roba, ya ajiye a gabanta.

"Yau ma an sha tsayuwa ke nan."

"Tun safe. Azahar ma a gurguje na yi ta, wata na ta buga teburin kantin wai maganin ƙiba take so, bikin ƙanwarta ya matso." Ta tsoma ƙafa, ta lumshe ido. "Malam, ajiye jan biron nan. Magana nake so mu yi."

Ta faɗa masa a tsanake, don ta daɗe tana juya abin a ranta. Mutum biyu za su yi ritaya a ɗakin magani na babban asibiti, za a ɗauki wasu kafin ƙarshen shekara. Can akwai karɓa-karɓa, akwai hutu, akwai ƙarin karatu. Nan kuwa shekaru sun tafi tana bayan kanta ɗaya, daga buɗewa har rufewa, abin da ta karanta yana zubewa kaɗan-kaɗan.

"Ba gobe zan tafi ba," in ji ta. "Sai na samo wadda za ta riƙe kantin, na zauna da ita ta san kan wurin, sannan in tafi. Amma kafin komai, Baba ya fara sani. Ba na so ya ji a bakin duniya."

Auta ya sosa ƙeya. Dukansu sun san inda gizo ke saƙar. Doka ba ta yarda kanti ya sayar da manyan magunguna ba sai da lasisin wanda ya karanta, kuma nata ne ke rataye a bangon Baba.

"Ke ba za ki faɗa masa ba? Kullum fa kuna tare."

"Haba Malam! In dubi idon surukina in ce zan bar masa kanti? Kai ne ɗansa."

"Shi ke nan, ranar Juma'a zan same shi."

Ranar Juma'a ya dawo da la'asar yana fara'a, tun daga bakin ƙofa ya ce, "Albishirinki! Na faɗa masa."

"Me ya ce?"

"Ya ce to."

Ta tsaya da cokali a hannu. "Wane irin to?"

"Ji min mace! To kala nawa ce? To dai, to!"

Ta buɗe baki za ta ƙara tambaya, sai ta rufe. Ta gaji, bayanta na ciwo, kuma amsar ta yi mata daɗi. Ta ce alhamdulillahi, ta juya ta ci gaba da girkinta.

Daga nan ta shiga shiri gadan-gadan. Ta zaro littattafanta na makaranta daga ƙarƙashin gado ta kakkaɓe. Ta bi tsofaffin abokan karatu a waya ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar me ake tambaya yanzu, wa ke zama a kwamitin. Ta gyara takardunta ta miƙa. Ta kuma tuna da ƙawarta Maman 'Yan Biyu, wadda ta ajiye aiki da ta haihu, yanzu yaran sun shiga makaranta tana neman wuri kusa da gida. Ranakun Lahadi Auta kan ɗora tabarau a kan hanci, ya harɗe a kujera, ya zama shugaban masu intabiyu.

"Malama, faɗa mana, don me za mu ɗauke ki mu bar sauran?"

"Ranka ya daɗe, na iya karanta rubutun likitoci."

"An ɗauke ki! Wannan ai ko likitocin ba su iya ba!"

Sai su yi ta dariya. Rabon da ta yi irin wannan dariyar har ta manta.

A kanti kuwa Baba na nan a kujerarsa ta bakin ƙofa, rediyo a cinya. Ta gaishe shi ya amsa, ya tambayi gajiya, shi ke nan. Bai taɓa tayar da maganar ba. Ta ɗauka kawaici ne irin na manya, ita ma kunya ta hana ta tayarwa. Wani lokaci takan ɗago ta ga yana kallonta kamar mai jiran wani abu, sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ƙirga ƙwayoyi a faranti.

Wata Alhamis da hantsi ta zo da ƙawarta. Kantin cike yake, fanka na ƙugi, wani tsoho na jiran maganin hawan jini. Ta durƙusa gefen kujerar.

"Baba, ga wadda nake so ta riƙe wurin. Tare muka yi karatu, ta ma fi ni..."

"Ta riƙe wane wuri?"

"Maganar da Malam ya yi maka, Baba. Ta asibiti."

Baba ya kashe rediyon. Ya dube ta, ya dubi baƙuwar, ya dubi mutanen da suka yi tsit a bakin kanta.

"Ni na ce na yarda?"

Ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Baba ya miƙe a hankali, ya ce wa baƙuwar, "Baiwar Allah, sannu da zuwa, ki gaida gida." Ya sa takalmi ya fita, ko rediyonsa bai ɗauka ba. Likita ta koma bayan kanta ta sallami tsohon nan.

Da yamma ko mayafi ba ta cire ba sai ga Yaya, babbar yayar Auta, ta faɗo gidan ko sallamar kirki babu.

"Ina mai lasisin? Ina hajiyar boko? Sannu! An riƙe ki kamar 'yar cikin gida, ashe ke ƙirga kwana kike! Ki ɗauko baƙuwa ki tsayar a gaban tsoho, gaban kwastomomi, kamar kin zo karɓar mukulli?"

"Yaya, wallahi na ɗauka..."

"Kin ɗauka! Kai kuma, lusari, ka tsaya kana zare ido! To ga saƙon Baba: ranar da ta sauke takardarta daga bangonsa, kai ma ka ɗauke ƙafarka daga gidansa. Na isar!"

Ta buga ƙofa ta tafi. Likita ta zauna a hannun kujera.

"Malam, faɗa min yadda ka faɗa masa. Yadda ka faɗa, kada ka gyara."

Ya dubi tafin hannunsa. "Yana jin labarai. Na ce, Baba, Likita fa tana tunanin asibiti nan gaba. Ya rage rediyon, ya dube ni, ya ce to."

"To ɗin, ja ya yi ko datsewa?"

"Datsewa."

"Sai kuma me?"

"Sai na tashi."

"Sai ka tashi! A gidan aka haife ka, Malam. Ka fi ni sanin to ɗin Baba. Ka san wadda yake yi idan ya ji daɗi, ka san wadda yake yi idan abu ya tsaya masa a wuya."

"Na sani," ya ce a hankali. "Na tsorata ne. Kuma na tuna ƙafafunki a cikin robar nan, na kasa dawo miki da wata amsa. Na ce ko zai sauko da kansa." Ya matso. "Don Allah, Likita, ki janye takardun. Ko na bana ne. Mahaifina ne, ina zan sa kaina?"

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Shi ta zaɓa tun yana ɗalibi mai riga biyu, don sanyin halinsa, ga shi yau sanyin halin ya kai ta ya baro. Amma da ta duba zuciyarta sai ta ga ita ma ba ta fita ba. Tun ranar Juma'ar nan to ɗin ba ta kwanta mata ba, ta ƙi tonawa ne don tana so ta zama e.

"Ba zan janye ba," ta ce, "kuma ba zan je ko'ina a bayan idon Baba ba. Tare za mu je gabansa, ka faɗi abin da ka yi, in faɗi nawa. In ya hana da bakinsa, na haƙura. Amma na daina aike."

Ya tashi ya shige ɗaki.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi nauyi. Baba ya daina zuwa kanti. Ita ke buɗewa, ita ke rufewa, ta goge kujerarsa, ta ajiye rediyon a inda yake ajiyewa. Masu saye na tambaya ina Alhaji, tana cewa yana hutawa. A gida sai gaisuwa da tura kwano. Auta ya rame, yakan zauna da takarda ɗaya a hannu har shayinsa ya huce bai sa mata maki ba. Cikin haka saƙon asibiti ya shigo wayarta, an kira ta intabiyu ranar Litinin. Ta nuna masa, ta ajiye wayar.

Ranar Asabar da safe tana ɗaura ɗankwali za ta fita kanti, ta gan shi tsaye a bakin ƙofa da hula a kai.

"Ɗauko mayafinki," ya ce. "Kantin ya jira."

Sun sami Baba a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, Yaya na gefe tana yanke masa farce. Suka durƙusa suka gaishe shi. Yaya ta ja tsaki. Auta ya fara magana.

"Baba, laifin nawa ne. Ita ta ce kai za a fara faɗa wa kafin kowa, ta aiko ni. Na zo na yi maka rabin magana na gudu. Na koma na ce mata ka yarda, alhali na san ba ka yarda ba. Duk abin da ta yi, a kan maganata ta yi shi. In korar ce, ni na cancanta."

Yaya ta cafe, "Kai dai an shanye..."

"Ke, yi mana shiru," in ji Baba. Ya juya ga Likita. "Ke kuma fa?"

"Baba, na gaji ne," ta ce, kanta a ƙasa. "Ba da kai ba, ba da gidan nan ba. Ƙafafuna ne da kaina. Ina so in ƙaru. Kuma na yi kuskure, kullum ina gabanka ban buɗe baki na tambaye ka ba. Ka yafe min."

Baba ya janye hannunsa, Yaya ta ajiye abin yanke farcen.

"Kafin ki zo gidan nan," ya ce, "ma'aikatan gwamnati sun taɓa garƙame min kantin nan da kwaɗo, rana tsaka, unguwa na kallo. Wai ba ni da mai takarda. Na yi wata ban iya zama cikin mutane ba. Da kika zo na sami barci. Shi ya sa da yaron nan ya faɗa, na ce to. To ɗin nan nufina na ji, ku bar ni in haɗiye, ku dawo mu zauna. Kullum ina kujera ina jira. Ba ku dawo ba, sai baƙuwa na gani."

Auta ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma.

"Ku riƙe wannan, ku da za ku haifa ku aurar. Zuwa da kai ya fi aike. Kunyar da za ta hana ka tambaya, ita za ta ba ka babbar kunya a gaban jama'a. Kuma duk wanda ya kawo maka amsa mai daɗi don yana tausayinka, ka sake tambayarsa." Ya gyara zama. "Na aika an duba min. An ce ko sau ɗaya ba ki makara wajen buɗe kanti ba, duk da abin da aka faɗa miki. Mai shirin guduwa ba ya haka. Yaushe ne abin naku?"

"Jibi, Baba."

"Na amince, ki je. Allah ya ba da sa'a. Ƙawar taki ta zo ta zauna tare da ke, in ga kamun ludayinta da idona kafin ki tafi. Ke kuma," ya dubi Yaya, "kai min su bakin ƙofa, ki ba ta haƙuri a hanya."

Ranar Litinin Auta ya nemi izini a makaranta ya raka ta, ya zauna a benci a waje har ta fito. Bayan mako biyu aka kira ta aka ce an ɗauke ta. Ta roƙi a ɗaga mata ranar farawa har ta gama miƙa kantin, aka ɗaga. Maman 'Yan Biyu ta kama aiki, Baba ya koma kujerarsa, Likita kuma ta fara zuwa asibiti a farkon sabuwar shekara.